Fashi Ukun Malam Isufu

Tun da na dawo daga Kano ba a bar ni na sha shayi da daɗi ba. Kowa ya zauna a fadarmu ta shan shayi sai ya ce in ba shi labari, kuma na lura duk sanda na maimaita sai labarin ya ƙara ƙiba. Jiya har na ji wani yana gaya wa wani cewa kamfani guda na ceto daga rushewa. To ban ceci kamfanin kowa ba. Kwana huɗu na yi, aikin mutum ɗaya ne ya kai ni, kuma saura kaɗan in zama ni ne na ƙarasa shi. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa ya bar ni da kofina.

Wanda ya kira ni Kabiru ne, abokina Bakano, wanda muka saba a wani zauren masu rubuta manhaja na waya, har ya taɓa zuwa Damagaram biki ya kwana a ɗakina. Shi ya rubuta wa wani kamfanin fatu da ke Challawa manhajar da ake ɗaukar sunayen ma'aikata da ita a bakin ƙofa. Dokar kamfanin ita ce duk wanda ya yi fashin aiki sau uku ba izini, an sallame shi. Manhajar ta nuna wani dattijo, Malam Isufu, ya yi fashi uku a daminar nan. Shi ya rantse bai yi ba, kullum zai tafi sai ya bar wani a dutinsa. An dakatar da shi, shugabar ma'aikata kuma ta ba Kabiru zuwa Asabar: ko ya nuna kuskuren manhaja ne, ko takardar sallama ta fita. Kamfanin bai yarda a fitar da bayanan ma'aikata daga ofis ba, don haka ya ce in zo da ƙafata.

Ranar Talata bayan asuba na shiga mota. Motar mutum bakwai ce, mu goma aka zuba, ni a tsakiya da jakar kwamfuta a cinya. Ta damana wata Hajiya ce mai kai man shanu Kano. Kafin mu kai Matamai ta san sunan kakata, ta san ban yi aure ba, ta kuma yanke hukuncin cewa kwamfuta ce ta hana ni. Ɗaya daga cikin robobinta murfinsa bai zauna ba, ban ankara ba sai da na ji ɗumi a gwiwa. Ta ba ni haƙuri, ta goge mini da gefen mayafinta, abin ya ƙara bazuwa. Haka na shiga Najeriya ina ƙamshin tuwon biki.

A kan iyaka jami'in ya duba takarduna, ya ce in kunna kwamfutar ya gani. Na danna, shiru. Ashe ban kashe ta ba na cusa a jaka, ta cinye cajinta a hanya. Ya nuna mini rumfar wani mai cajin waya. Can kuma na tarar da abin da ban taɓa kawowa a rai ba: bakin cajata mai ƙafa biyu zagayayyu ne irin namu, ramukan wutarsu kuwa uku ne masu kusurwa. Mai rumfar bai ma ɗaga kai sosai ba. Ya kashe makunni, ya zura murfin biro a ramin sama, ya tura cajata a na ƙasa, ya ce 'yan Nijar kullum sai ya yi musu haka. Da kwamfutar ta tashi jami'in ya tambayi sana'ata, na ce gwada manhaja nake. Nan take ya zaro wayarsa ya ce hotuna sun daina buɗewa tun sallah. Fasinja tara suna jirana a rana, ni ina share wa hukuma waya.

Daga Daura har muka wuce Kazaure barci nake. Na farka muna shiga Kano, kuma abin da ya fara cika mini ido adaidaita sahu ne, rawaya-rawaya ta ko'ina, kowanne direba yana tuƙi kamar shi kaɗai aka yi wa titin. Kabiru ya tarye ni a tasha, ya shinshina, ya tambaya ko yanzu turaren Damagarawa ke nan. Ya kai ni gidan da yake haya a Zawaciki, unguwa ce da rabinta gidaje rabinta tubali da yashi, kowa yana gini. Ya kawo mini gurasa da ƙuli da yaji, na ci na yi shiru, don ban so in yaba wa Bakano abinci a ranar farko. Shayinsu ne dai ban gane ba har na taho. Mu muna zama a dafa shi sau uku a sha a ɗan kofi, ana hira yana nuna. Su kuwa a zuba madara a cika maka kofi kamar za ka yi alwala, ka shanye a tsaye ka wuce. Abin da muke kira fada su majalisa suke cewa, kuma a tasu na zama Injiniya tun kafin in zauna. A Kano in kana riƙe da jakar kwamfuta ka gama samun muƙami.

Laraba da safe muka tafi Sharada, inda ofishinsa yake. Ɗaki ɗaya ne a saman wani sito, tagarsa tana kallon kamfanin roba, ƙarar injuna tana shigowa har ka ji ta a ƙafar kujera. Na ce ya nuna mini yadda yake gwajinsa. Ya haɗa manhajar gaba ɗaya, ya jira. Ya tura ta cikin waya, ya jira. Ya shiga da sunan heluma, wato shugaban duti, ya ƙirƙiri ma'aikata biyu, ya musanya musu duti, ya je ya canza kwanan watan wayar da hannu, ya dawo ya duba. Muna tsakiyar haka aka ɗauke wuta, intanet ta tafi da ita, muka zauna jiran mai sito ya tada inji. Gwaji ɗaya ya ci mana kusan rabin awa. Ya ce a mako guda da ya yi yana neman kuskuren nan, a rana bai fi ya gwada biyar ko shida ba, kuma duk daidai suke fitowa.

Na buɗe kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, na ga inda matsalar jinkirin take. Lissafin fashin yana cakuɗe da shafin da heluma yake dannawa, shi ya sa ba ya motsi sai da waya. Alhali lissafin ba ruwansa da waya. Abu uku kawai yake bukata: wa ke da duti, wa aka bar wa, wa ya shigo ƙofa. Na zare shi daga shafin na mayar da shi kilas mai zaman kansa, wato ɗan guntun kod da ba ya taɓa allo, ba ya taɓa intanet, ko kwanan wata ma miƙa masa ake ba ya leƙa agogon waya. Irin wannan kwamfuta tana iya gwada shi ita kaɗai. Ka rubuta mata, ga abin da na ba shi, ga amsar da nake jira, ta gudanar. In ya dace ta nuna kore, in ya saɓa ta nuna ja. Kamar mai miya ne, ba sai ta tuƙa tuwo ta tara mutane za ta san gishiri ya ji ba, ɗan cokali ya isa.

Kafin la'asar na rubuta gwaji goma sha biyu. Mutum ya zo dutinsa. Mutum bai zo ba. Ya bar wa wani, wanin ya zo. Ya bar wa wani, wanin bai zo ba. Musanya ta faɗo ƙarshen wata. Duk abin da kaina ya kawo na zuba. Na danna, kafin Kabiru ya gyara zama duka sha biyun sun fito kore. Ya ce in sake, na sake. Ya kira mai sito ya zo ya gani, shi kuma ya leƙa ya ce ma sha Allah ba tare da ya san me ake nuna masa ba. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na miƙe ƙafa na ce masa manhajarsa lafiyarta ƙalau, abin da ya kasa tabbatarwa a mako guda ga shi na tabbatar masa a daƙiƙa uku.

Bai yi murna ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, “To ke nan Malam Isufu ƙarya yake.”

Na ce ni dai abin da gwaji ya nuna na faɗa.

Ya ce, “Wallahi na fi so a ce ni na yi kuskure. Ka bari gobe mu je ka gan shi, sannan mu rubuta wa Hajiya shugabar ma'aikata.”

Na yarda ne don kada a ce baƙo ya cika taurin kai, amma a raina na riga na gama shari'a. Har na fara tunanin abin da zan saya a kasuwa kafin in koma.

Challawa tun ba ka iso ba hancinka yake sanar da kai. Warin fata da magani ne, kuma mutanen wurin sun ce bayan mako ɗaya ba ka ƙara jinsa. Ban yi mako ba, don haka ba zan ba da shaida ba. Mun isa dab da canjin duti na rana. Ma'aikata suna ta fitowa da dogayen takalman roba, wasu a kan keke za su ƙauyukan kusa, masu shiga kuma sun yi layi gaban heluma yana danna sunayensu a waya. A gefen ƙofa akwai rumfar wata mai shinkafa da wake, a kan bencinta wani dattijo yana zaune da kayan aiki a jikinsa tsaf, har da takalmin roba. Kabiru ya ce shi ne. Tun da aka dakatar da shi kullum sai ya shirya ya zo a kan lokacin dutinsa, ya zauna inda heluma zai gan shi, in an tashi ya tashi. Wai kada a ce ko a wannan makon ma bai zo ba.

Ina gaishe shi ya ɗago ya ce, “Kai ɗan gida ne. Daga ina?” Na ce Damagaram. Ya ce shi mutumin wani ƙauye ne kusa da Matamai, ta gabansa ma na wuto. Ya matsa mini, ya sa aka zubo mana abinci, ya hana Kabiru ko motsa hannu zuwa aljihu. Shekararsa goma sha bakwai a kamfanin, a wajen injin da ke rage kaurin fata. Ya nuna mini hannuwansa, duk magani ya cinye zanen tafin.

Ya ba ni labari ba tare da ɗaga murya ba. Mahaifinsa ya tsufa, gona ta fi ƙarfinsa, sauran 'yan'uwa mata ne suna gidajensu. Don haka duk damina yakan je sau uku: shuka, noman farko, maimai. Kowane zuwa yana barin dutinsa a hannun Hamisu, ɗan garinsu, heluma ya shigar a waya. Bana ma haka ya yi. Ya ce aikin yana so, don da shi yake riƙe gida biyu, amma akwai abin da ya fi aikin ci masa rai. Labari ya riga ya kai ƙauye cewa za a kore shi saboda fashi. Tsohon ya aiko masa cewa in ya san gonarsa ce za ta sa ya yi wasa da aikin mutane, da ya bar ta ciyawa ta cinye. Tun ranar in ya kira wayar maƙwabci a kai wa tsohon, sai ya ce a ce yana barci.

Na tausaya masa, amma tausayi ba ya canza kore ya koma ja. Na tambaye shi a hankali ko ya tabbata Hamisu yana zuwa. Ya ce ga Hamisun nan ya fito, in tambaye shi. Wani dogo ya ƙaraso yana wanke hannu da ruwan leda. Na ambata masa ranakun uku.

Ya ce, “Ai ni ban zo ba. Ɗanjuma na tura.”

Na ce wane ne kuma Ɗanjuma.

Suka dube ni su biyu kamar na tambayi wane ne limamin gari. Hamisu ya yi mini bayani. Su 'yan ƙauye ɗaya su shida ne a kamfanin, kuma a damina kowa yana da gona. In ɗan'uwa ya ba ka dutinsa ba ka cewa a'a, ko da kai ma tafiya za ka yi, don kunya ce. Karɓa kake, sannan ka duba wanda yake gari ka miƙa masa. Wani lokaci duti ɗaya sai ya bi hannu uku ko huɗu kafin ranar ta zo. Abin da ba a yarda ba shi ne inji ya tsaya ba mutum. Bana ruwa ya zo musu lokaci guda, shi ya sa duk ukun ya miƙa wa Ɗanjuma, kuma kowanne ya sa heluma ya shigar. Ɗanjuma ya zo, ya yi aikin, fata ta fita.

Cokalin da ke hannuna na ajiye. A gwaji sha biyun nan nawa babu ko ɗaya da duti ya wuce hannu biyu. Ni da Kabiru tunaninmu ɗaya, na mutanen ofis: ka ba ni, na karɓa, magana ta ƙare. In ka buɗe shafin Malam Isufu abin da za ka gani shi ne ya bar wa Hamisu, Hamisu bai shigo ba. Miƙawa ta biyu tana can a shafin Hamisu, inda ba wanda ya leƙa. Na ture kwanon gefe na buɗe kwamfuta a kan bencin. Layi kaɗan ne: Isufu ya ba Hamisu, Hamisu ya ba Ɗanjuma, Ɗanjuma ya shigo, fashin Isufu ya zama babu. Na danna. Kafin mai abinci ta gama zuba wa wani mai, ja ya fito, yana cewa an jira babu, an samu ɗaya.

Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Jiya na zauna a ɗaki na yanke wa mutumin nan hukunci a daƙiƙa uku ina taƙama da sauri, yau ga ni ina cin shinkafarsa. Gwajin bai yi ƙarya ba, abin da na tambaye shi ya amsa, ni ne ban san abin tambaya ba. Kabiru kuwa dariya ya kama yi yana dafa kafaɗata, ban taɓa ganin wanda ya yi farin ciki da ganin kuskurensa haka ba. Malam Isufu ya leƙo allon ya tambaya ko jan nan alheri ne. Na ce masa alheri ne, Baba.

Ban rufe kwamfutar ba. Na ce Hamisu ya zauna ya faɗo mini duk irin yadda suke yi. Mutane suka taru, kowa yana kawo tasa: wanda duti ya zagaya ya dawo hannun mai shi, wanda ya karɓi rabi ya miƙa rabi, wanda aka miƙa wa alhali yana da nasa a lokacin. Suna faɗa ina rubutawa ina dannawa, in ja ya fito su yi sowa kamar an ci ƙwallo. Da a waya ake gwadawa, da wannan zaman ya ci mako biyu, kuma ba mai tsayawa jiranka. Mun tashi da gwaji tara sababbi, huɗu a cikinsu ja. Da yamma a Sharada muka gyara lissafin ya riƙa bin duti hannu bayan hannu har ya kai ga na ƙarshe, amma na ajiye tsohon yadda yake don gobe.

Babban ofishin kamfanin a Bompai yake. Unguwar ta fi sauran biyun shiru, manyan itatuwa da dogayen katangu, wasu kamfanonin a rufe ciyawa ta fito a ƙofarsu. Juma'a da hantsi muka shiga wajen Hajiya Safiya, shugabar ma'aikata. Na zaci zan ga mace mai faɗa, sai na ga mai magana a hankali da tabarau a goshi. Rabin zancenta da Kabiru Turanci ne, da ta ji ni ɗan Nijar ne ta koma Hausa zalla ba tare da an roƙe ta ba. Ta gaya mana gaskiyarta. Heluma ya riga ya zo ya ba da shaidar Malam Isufu, amma kafin a kawo manhajar helumomi sun sha rufa wa 'yan garinsu asiri, dalilin kawo ta ke nan. In ta karɓi baki ta bar abin da waya ta nuna yau, gobe kowa da bakinsa zai zo.

Na nuna mata gwajin a kan tsohon lissafi, ja. Na nuna a kan sabo, kore. Kabiru ya buɗe shafin Hamisu, ga miƙawa uku da kwanan watansu, ga sunan Ɗanjuma a ƙofa. Ta sauke tabarau ta duba, sannan ta ce, “Ku dai ba gyara kuka yi don ya wanke mutuminku ba? In na ukun bai zo ba fa?”

Na rubuta a gabanta na danna. Fashi ya fito.

Ta ce in hannu huɗu ne fa. Na danna. Ta ce in mutum ya miƙa wa wanda aka dakatar. Wannan ba mu taɓa tunaninsa ba, kuma ja ya fito. Ta dubi Kabiru ta saman tabarau, ya sunkuyar da kai ya gyara nan take, muka sake gudanar da duka, kore. Ta ja kujera kusa, ta yi ta jefo tambaya har shayinta ya huce, ina jin ta manta da mu ma. Daga ƙarshe ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko takardar sallamar, an riga an buga saura sa hannu, ta ninke ta biyu ta yaga. Ta ce a gaya masa ya shiga dutinsa gobe, kwanakin dakatarwa kuma ba za su hau kansa ba. Ta ce wa Kabiru daga yau duk gyaran da zai kawo, tana son ganin koren nan tukuna.

Bayan masallaci muka koma Challawa. Yana nan a bencinsa da takalmin roba. Kabiru ya gaya masa, ya kuma ba shi haƙuri a gaban mutane, ya ce kuskurensa ne. Malam Isufu ya yi hamdala, ya ce ba komai, wanda bai yi noma da su ba ina zai san yadda suke yi. Sai ya ja ni gefe. Ya ce tunda ta Matamai zan bi, yana roƙon alfarma in tsaya ƙauyensu. In shi ya faɗa, tsohon zai ce kare kansa yake. In Hamisu ne, zai ce abokinsa ne. Ni kuwa baƙo ne, kuma na ga abin da idona.

Asabar na kamo hanya. Wannan karon na sayi abin haɗa caja, kuma ba wanda ya ce in kunna komai. Na sauka a Matamai, ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni ta cikin gonaki, gero ya fi mu tsawo hagu da dama. Na tarar da tsohon a ƙofar gida a kan buzu yana gyaran igiya, ɗan ƙaramin mutum, idonsa ɗaya ya yi fari. Muka gaisa, aka kawo mini ruwa da fura. Da na ce daga wajen Isufu nake, hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

Na rasa ta inda zan fara, don ba kilas ba gwaji a wannan zance. Na ce masa ni ne aka kira in bincika, kuma na bincika. Ɗansa bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Duk ranar da ya zo nan noma akwai mutum a kan injinsa, kuma a rubuce yake. Yau da safe ma ya koma aiki.

Ya ce, “To wayar ce ta yi masa ƙarya?”

Na ce, “Ba ita ba ce, Baba. Mu da muka koya mata lissafi ne ba mu san yadda suke taimakon juna ba. Ni kaina sai da na ce ya yi.”

Ya juyo da lafiyayyen idon ya dube ni da kyau. Ya ce, “Kai ba ka san shi ba ka faɗa. Ni fa?”

Ya naɗe igiyar a hankali ya ajiye, ya laluba sandarsa. Ya tambaya ko wayata tana da lambar Isufu, na ce tana da ita. Ya ce a nan waya ba ta cika kamawa ba, sai an hau tudun bayan masallaci. Na ce ya zauna in je in kira, in gaya masa duk saƙon da yake so. Ya girgiza kai, ya dafa kafaɗata ya miƙe.

Ya ce, “Sau biyar yana kira ina cewa ina barci. Wannan ni zan kira.”